Wanda Yake Kankare wa Sojojina Fuska

Wata Asabar da hantsi na sauko da akwatin da nake ɓoye sojojina, na tarar ɗaya ba shi da fuska. Ba karyewa ya yi ba, ba kuma fenti ne ya ɓare ba. Kankare ta aka yi tas, daga goshi har haɓa, aka bar wurin sumul kamar bayan cokali. Rawaninsa na nan, bindigarsa na nan, ko ƙwarzane babu a kafaɗarsa.

Sojojin roba ne, kowane bai wuce rabin ɗan yatsana ba. A shekarata ta biyu ta karatun shari'a a Alƙahira na faɗa harkar. Na je Wustul Balad, tsakiyar birnin, neman wata takarda, aka ce in dawo bayan azahar, rana kuma ta hana ni tsayuwa, sai na haye wani shago a saman bene don in sha inuwa. Nan na ga manya da gemu sun sunkuya a kan tebur, an gina musu ɗan ƙaramin gari a kai, suna auna taku da tef, suna jefa 'yan ludo, wai yaƙi suke yi. Na yi musu dariya a raina. Ba a yi wata biyu ba ni ne nake kutsawa cikin cunkoson kasuwar Ataba ina neman gam da burushi.

Wasan kansa ban taɓa iya shi ba, kullum cinye ni ake yi. Aikin hannun ne ya kama ni. Farin soson da ake naɗe firij da shi nake yankawa da reza in yi ganuwa, in shafe ta da gam, in barbaɗa yashin da na tankaɗe. Ganyen shayin da muka sha in shanya shi ya zama ciyawa. Sojojin kuwa da hular kwano suke zuwa, sai in yanke ta, in murza wani ƙulli mai daskarewa in naɗa musu rawani irin namu. Amma fuska ce abin alfaharina. Sai na kwaɓa kala uku kafin in samu baƙin fata irin nawa, sannan in ɗauke numfashi in ɗiga ido da bakin tsinken sakace. Fuska ɗaya takan cinye mini yammaci guda.

Abin da ya sa nake ɓoyo shi ne Baba. Limami ne a unguwarmu, kuma ko kalanda mai hoton mutum ba ta kwana a gidanmu, balle abin da aka sassaƙa da kai da ƙafa. Ranar da zan taho magana ɗaya ya yi mini: duk ranar da ya ji na kauce, in tattara in dawo, karatun ya ƙare. Ba ya faɗa sau biyu. Sannan ya damƙa ni a hannun wani tsohon ɗalibinsa da ya riga ni zuwa da shekara uku, wanda nake kira Yaya. Tare muke zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Giza. Kullum bayan la'asar Yaya yana tafiya darasi a masallaci har magariba, ni kuma a lokacin nake baza kayana, in buɗe taga saboda warin gam. Akwatin yana saman kabad, ƙarƙashin rigunan sanyi.

Da farko na ce ko ni ne na yi wani ganganci na manta. Amma Asabar ta gaba na sake samun wani, an yi masa irin aikin. Sai na lura da tsarin abin. Ranar Juma'a bayan salla nakan ɗebi sha biyu a gwangwanin biskit in tafi shago wasa, in bar sauran a gida. Cikin waɗanda na bari ake zaɓa, ɗaya tak a mako. Na ɗaura zare siriri a zip ɗin akwatin, na dawo na same shi a ɗaure, sai dai ƙullin ba nawa ba ne. Ni bahago ne, wannan kuwa na mai hannun dama ne.

Na so ƙwarai ya zama mai gadin gidan ne, don yana riƙe da mabuɗinmu saboda masu gyaran famfo. Kwana uku ina tsayawa hira da shi ina leƙen hannunsa. Tsoho ne, ko kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu saboda karkarwa. Ba zai iya wannan aikin ba. Saura mutum ɗaya ke nan, wanda muke cin wake a kwano ɗaya da shi kowace safiya.

Daga nan na sa wa Yaya ido, kuma duk abin da ya yi sai na ga ma'ana a ciki. In ya shigo mini da ruwan rake, in ce toshiyar baki ce. In ya tsawaita addu'a bayan salla, in ce da ni yake. Ya taɓa tambayata wane babi muke a fiƙihu, na yini ina juya tambayar. Na shiga banɗaki na buɗe abin yankan farcensa, na ga wani gari-gari mai ruwan ƙasa a haƙoran 'yar zartar da ke jiki. Na shinshina, har lasa na yi, ban gane komai ba. Haushin da ya fi ci na shi ne ba ni da bakin tambaya. In na ce wa ya taɓa mini sojoji, na tona kaina da kaina.

Kowace Lahadi bayan magariba Baba yakan kira. Yana fara magana da Yaya, sannan a miƙo mini. A da ban damu ba, amma yanzu na lura Yaya yana fita baranda ya jawo ƙofa. In aka ba ni wayar sai in kasa kunne ga muryar Baba, ina neman inda ta sauya. Ba ta sauya ba. Yaya karatu, yaya zafi, kana cin abinci, Allah ya yi albarka. Wannan lafiyar ma tsoro take ba ni. Na riƙa tunanin ko tara mini ake yi, a bari sai ƙarshen zango a ce ga tikiti.

Da suka kai biyar na kwashi marasa fuskar na kai wa mai shagon, wani Bamisire mai tumbi da yake tsokanata da "ya shehi". Ya sa tabaronsa na aiki ya daɗe yana juya su.

"Wanda ya yi wannan ba maƙiyinka ba ne, ya shehi. Duba, ko gefen rawanin bai taɓa ba. Ya fi ka iya riƙe zarto."

"Wannan ne ya dame ka?"

"Ma'alish, yi haƙuri. Kawo sauran in ajiye maka a nan, khalas, shi ke nan."

Na ƙi. Taurin kai ne, na sani, amma ajiye su a shago ba zai gaya mini ko Baba ya ji ba. So nake in kama mutum dumu-dumu.

Juma'ar da ta biyo baya muka dawo daga masallaci tare. Na ɗauki gwangwanina, na yi masa sallama da ƙarfi, na sauka na hau motar haya. Tasha ɗaya na yi na sauka na dawo da ƙafa. A ƙasan bene na cire takalmi na riƙe a hannu, mai gadi yana kallona baki buɗe. Na murɗa mabuɗin a hankali.

Yaya yana zaune a kan tabarma kusa da tagar ɗakina, akwatin a buɗe a gabansa. Ya shimfiɗa farin hankici a cinyarsa, ya riƙe soja ɗaya da yatsu biyu, yana goga masa 'yar zartar a hankali, yana hure garin. Ya ɗago ya gan ni da takalmi a hannu. Ko razana bai yi ba.

"Shigo mana, ƙanena. Rufe ƙofar."

Duk maganganun da na shirya mako biyar suka gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Kai ka gaya wa Baba?"

"Shi ya tambaye ni. Ya ce in gaya masa tsakanina da Allah ina kake zuwa ranar Juma'a. Ka san ba zan yi masa ƙarya ba."

"Da can ka san inda nake zuwa ke nan."

"Mutumin da yake shanya ganyen shayi a baranda? Tun bara na sani."

Na zauna a bakin gado. Na tambaye shi yaushe zan tafi. Ya ce da tafiyar zan yi, da tuni na tafi. Ranar da Baba ya ji, cewa ya yi a ƙona su a sa ni a jirgi. Yaya ya roƙi kwana uku, ya bi littattafai ya kai masa maganar malaman da suka ce in aka shafe fuska hukuncin sura, wato mutum-mutumi, ya faɗi. Baba ya yi shiru kwana biyu, sannan ya ce ya yarda, amma kafin azumi kada ya rage ko ɗaya mai fuska, kuma kada a gaya mini. In an gaya mini dole ya yi magana, in ya yi magana kuma dole ya cika abin da ya faɗa ranar tahowata.

"To me ya sa ɗaya-ɗaya? Ka yi su gaba ɗaya mana, ka huta, in huta."

Ya dubi sojan da ke hannunsa. "Ranar farko da niyyar haka na zauna. Na gama ɗaya na ɗauki na biyu, sai na ga kamar kallona yake. Wallahi ban iya ba. Kai ma ka cika sa musu ido."

Ban yi dariya ba. Haushinsa nake ji har wuya, kuma ina jin kunyarsa, duka a lokaci guda. Har yau akwai ranakun da nake cewa a raina wa ya sani, watakila shi ya fara ɗauko zancen Juma'ar har Baba ya tambaya. Ban taɓa samun hujja ba, ban kuma daina tunanin ba.

Azumi saura kwana goma sha wani abu, sojoji kuma sun haura talatin. Na karɓi zartar daga hannunsa. Na ce in dai za a yi, ni zan yi. Na buɗe gwangwanin na fara da wanda na fi so, mai riƙe da tuta, wanda na yi kwana tara a kan fuskarsa har na sa masa furfura a gemu. Ba a yi minti biyu ba ta tafi. Yaya ya tashi ya ba ni wuri, na ji shi a kicin yana ta wanke kofunan da an riga an wanke. Kafin magariba na gama da su duka, hankicin ya koma ruwan ƙasa.

Ranar Lahadi Baba ya kira. Wannan karon Yaya bai fita baranda ba, a gabana ya ce, "An gama, Malam," ya miƙo mini wayar. Na karɓa. Baba ya tambayi karatu, ya tambayi zafi, ya ce in riƙa cin abinci kafin azumi ya shigo. Na amsa duka. Ina jiran ya yi addu'a ya kashe kamar kullum, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Yayanka ya turo mini hotonsu tun kafin ya taɓa su."

"Na'am, Baba."

"Na sa an ƙara mini girmansa a waya. Wannan dattijon mai tuta. Ban san kana da hannu haka ba."

Ya ce Allah ya yi albarka, in gaida Yayana, ya kashe.