Tiren Sallah da Hannun Baba

A gidanmu na Ƙofar Marusa ba a fara cin tuwo da zarar an sauko daga Idi. Abokan Baba sukan biyo shi gida su zauna a falonsa, a ajiye musu babban tire na kayan taɓawa a tsakiyar darduma, su yi ta ci suna hira har miya ta nuna. Babu mai miƙa hannu sai Baba ya ce bismilla, ya ɗauki abu ɗaya ya kai baki. Ban san wanda ya kafa wannan tsari ba, na dai tashi na tarar da shi.

Shekarar da nake aji biyu a jami'a, Baba ya faɗi kafin azumi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A hankali ƙafar ta dawo har yana takawa da sanda, maganarsa ma ta washe, amma hannun ya ƙi. Babban yatsa da manuni kaɗai ke motsi, sauran ukun sun lanƙwashe cikin tafin. Likita ya ce ya riƙa ci da hagu. Limamin unguwa ya zo dubiya, shi ma ya ce lalura ce, babu laifi. Baba ya ce ya ji. Amma tun daga lokacin babu wanda ya sake ganin yana cin abinci. Umma takan shigar masa da kwano ta fito, sai ya kira a zo a ɗauka.

Da Sallah ta matso, Umma ta same shi a tsakar gida ta ce, "Malam, bana a bar zancen tiren nan. In sun zo ku gaisa, kowa na da tuwo a gidanshi."

"Na mutu ne?" ya ce.

Ta shigo madafa ta tsaya tana kallon murhu, can ta ce da ni, "Ke za ki haɗa shi. Ke ce mai haƙurin jera abu. Ni in na fara, kuka zan yi."

Ni bahaguwa aka haife ni. Baba malamin firamare ne har ya yi ritaya, kuma shi ya zauna da ni ina ƙarama, yana cire cokali daga haguna yana mai da shi dama, ba tsawa ba duka, har na saba. Na san yadda abinci ke zame wa hannun da bai iya ba, na kuma san Baba ba zai taɓa ɗaga hagu gaban mutane ba. Don haka abin da ya rage shi ne a sami abin da yatsu biyu za su iya ɗauka.

Na sa robar kitso na ɗaure yatsuna uku na dama, na zauna ina gwadawa. Cincin ya yi ƙanƙanta, yana tserewa. Dambun nama sai da yatsa uku. Dublan da ka matsa shi sai ya farfashe, alkaki kuma ya manne a hannu. Soyayyar kaza maiƙo ne da ita, ga shi sai an yage. Dabino ne ya zauna daram, amma ƙwallonsa sai an fitar daga baki, don haka na tsaga kowanne na cire ƙwallon, na rufe tsagar yadda ba za a gane ba. Kilishi na yanka shi da almakashi sirara dogaye. Na kwaɓa wani cincin daban, na yanka shi tsawon yatsa.

Umma ta ɗaga ɗaya daga cikin mai da matsami ta dube shi. "Wannan cincin ne ko icen girki?"

Muka yi dariya kaɗan, sannan ta juya baya ta daɗe tana gyara wutar da ba abin da ya same ta.

Ban ware wa Baba faranti ba, domin wannan kaɗai ya isa ya nuna. Abin da na yi shi ne na jera nasa a bakin tiren, gefe ɗaya, na ɗora dabinon a kan juna yadda na sama zai fito fili, ba sai an tono shi ba. Gyaɗa da dambu da ƙananan cincin na tura su can ɗaya gefen. Akwai wata 'yar lotsawa a bakin tiren, da ita na yi shaidar inda zai fuskanci Baba. Na rushe jerin na sake ban san sau nawa ba, ina zama inda zai zauna, ina miƙa hannu daga can.

Ranar Sallah su uku suka biyo shi: taubashinsa, wanda ya kai shi Idi a mota, da wani Alhaji mai shagon yadi, da maƙwabcinmu ɗan Filato, Kirista, da suka koyar a makaranta ɗaya. Na shiga da tiren na durƙusa. Muka gaisa, barka da Sallah, an sha ruwa lafiya, ya karatu, ya mutanen makaranta. Ina amsawa kaina a ƙasa, ina juya tiren a hankali har lotsawar ta kalli gwiwar Baba. Zan tashi ya ce, "Zauna ki zuba masu zoɓo." Bai taɓa tsai da ni a falo da baƙi ba.

Taubashin ya naɗe hannun riga. "To bawana, buɗe mana hanya. Mu wata guda muka yi muna shan wuya, kai ko likita ya ba ka lasisin ci da rana."

"Kai ko ba azumi, akwai madafar da ba ka san ƙofarta ba a garin nan?" Baba ya ce.

"Ai saboda ku nike yi. In ban ci ba, wa zai yabi girkin matanku?"

Suka yi dariya, Baba ma ya yi. Ya ce bismilla, ya miƙa hannun dama. Yatsun biyu suka buɗe, suka kama dabinon da ke sama, karo ɗaya, bai zame ba.

Hannun ya taso daga tiren, ya wuce gwiwa, ya zo daidai ƙirjinsa, ya tsaya. Baba ya ƙara yunƙura shi, gwiwar hannun ta soma kakkarwa. Ya sunkuyar da kai don ya tarye shi, hularsa ta gota, amma da saura. Ni yatsu kawai na gwada. Na sha ganinsa yana jan carbi hannun na kan cinya, ban taɓa ganin ya ɗaga shi sama ba, kuma ban yi tunanin dalili ba.

Ina jin yara a waje suna yawon barka da Sallah, ina jin Umma na buga muciya a bakin tukunya.

Taubashin ne ya fara motsi. "To, maigida ya ɗauka. Bismilla, jama'a." Ya damƙi dambu ya cika baki. Sauran suka bi shi. Baba ya mai da hannun kan cinyarsa da dabinon a tsakanin yatsu.

Sun ci sosai, fiye da yadda suka saba, suna ta yabon tiren da ƙarfi. Maƙwabcinmu ya ɗauko labarin wani hedimasta da suka yi aiki da shi, labarin da kowa ya sani, ya ja shi ya ƙara tsawo. Har an soma sakewa, sai Alhajin ya ce cikin tausayi, "Malam, ai lalura ce. Sa hagun mana, duk mu ne nan."

"Na karya kafin Idi," Baba ya ce. "A ƙoshe nike."

Da tuwo ya iso Baba ya ce zai ci anjima. Suka ci su uku, suka yi addu'a, suka tashi tun kafin azahar, alhali a da sai la'asar ke tada su. Na bi su zaure da ledar cincin ɗin iyalansu. Taubashin ya dakata har sauran suka fita. Ban taɓa jin ya yi magana ba tare da zolaya ba sai ranar.

"Ɗiyata, shina ci dai ko?"

"Kwanon yana fitowa ba komai, Baffa."

"Amma kin gani da idonki?"

Na girgiza kai. Ya ɗan tsaya kamar zai koma ciki, sannan ya sa takalmi ya fita.

Na tarar da Baba inda na bar shi. Yatsun sun ƙage a kan dabinon, har ya lotse.

"Cire mani wannan," ya ce.

Na durƙusa na buɗe yatsun a hankali, na jiƙa tsumma na goge masa danƙon. Ya daɗe yana kallon abin da ya rage a tiren. Gefensa babu wanda ya taɓa, dogayen cincin na nan a jere. Ya dubi dabinon da ke tafina, ya ga tsagar, ya ga ba ƙwallo.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Allah shi yi maki albarka." Ya gyara hularsa da hagu. "In sun zo da babbar Sallah, ki kai masu tiren zaure. Ni ina ciki."

Haka kuwa aka yi. Bayan Idin layya suka zo su ukun, suka shiga ɗaki suka gaishe shi a tsaitsaye, suka fito. Na shimfiɗa musu darduma a zaure na ajiye tiren, wannan karon har da soyayyar hanta. Suka kewaye shi suka zauna, kowa na gyara riga yana jiran wani ya fara, har ƙanƙarar zoɓon ta narke.