Garin gahawa a ƙafar Baba

Lauje ne ya yanki Baba a ƙafa, yana ƙwadago a gonar audugar wani mutum kusa da Rufa'a. Mai gonar ya ɗebo garin gahawa ya danna a ciwon, jini ya tsaya. Ya ce, "Halas, Alhaji, ba sai an je asibiti ba." Abin da ke ci mini rai, Baba har godiya ya yi masa.

Da ƙafar ta kumbura ta fara wari, Inna ta je roƙon mai gonar kuɗin likita. Ya ce ai ya riga ya yi masa magani, a gaban kowa.

Mun kai Baba asibiti a makare, can aka yanke ƙafar. Har yau in ana soya gahawa, fita nake yi daga gidan.