Wandon da Ba Ya Matsewa

Babana tela ne. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗinka wa 'yan makaranta yunifom a shago ɗaya da keke ɗaya, kuma a iya sanina bai taɓa gaya wa wata uwa cewa ɗanta ya yi ƙiba ba. Kullum laifin yadi ne. "Ai yadin zamani ke nan, Hajiya, da ya ga ruwa sai ya tsuke." Uwa ta tafi da murnarta, shi kuma ya farke gefen wando ya ƙara faɗi. Kowa na yabon kirkinsa. Ni ma ina cikin masu yabon, har abin ya zo kaina.

Ɗana, wanda kakan nasa ke kira Babban Mutum, yana aji huɗu nas ɗin makarantarsu ta ɗora shi a sikeli, ta aiko a kira ni. Ta ce nauyinsa ya wuce shekarunsa nesa ba kusa ba, shi ya sa yake haki in ya hau bene. Hankalina ya tashi. Na dawo gida na kafa doka: ba lemon kwalba, ba biskit, sukari cokali ɗaya, talabijin awa guda. Har maigidan ya rame, bawan Allah, shi da ba a ce masa komai ba.

Ba mu da sikeli, don haka wandon makaranta ne ma'aunina. Wata shida bai matse shi ba. Na shiga yi wa maƙwabta lacca a kan abincin yara, wai ni gwana. Na manta cewa in an tashi daga makaranta, a shagon Baba yake zama har in taso daga aiki.

Wata Asabar maɓallin wandon ya cire. Na juya shi zan ɗinke, sai ga sawun tsohon ɗinki layi huɗu, ga kuma ƙyalle an ƙara ta baya, launi ɗaya sak. Aiki kam ya yi kyau, ba ƙarya.

Ko mayafi ban gyara ba na isa shagon. Na ja durowar zare. Alewa ce da biskit fal, zaren ma an kore shi. Ƙarƙashin tebur kwalabe sun yi layi.

"Baba, wannan ma yadin ne ya tsuke?"

"Yaro ne, girma yake yi."

"A faɗi kawai? Nas ta ce jikinsa na wahala! Kana nan kana farke wando, ni ina can ina auna sukari kamar mahaukaciya!"

Ya jujjuya almakashi a hannu, sannan ya nuna bencin baƙi da haɓa.

"Da, bencin nan cika yake. Yanzu kowa yunifom na kanti yake saya. Ke kanki rabonki da zama a nan tun rasuwar mamanki. Babban Mutum kuwa awa uku yake yi yana ba ni labari." Ya sunkuyar da kai. "Na gwada rana ɗaya ban saya masa komai ba. Minti goma ya yi, ya ce zai je gidan abokinsa."

Na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan sauke shi. Tausayinsa ya kama ni, haushin kuma bai tafi ba. Na kwashe alewar kaf na zuba a jakata, ko ɗaya ban bari ba. Sannan na kakkaɓe ƙurar bencin na zauna.