Silin Wayar Da Na Sa A Babur Ɗin Abokina

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne mai gyaran babur a Garwa, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, sa'ad da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina suna kwasar auduga da gyaɗa. Ban daɗe da barin hannun maigidana ba, na kafa rumfata a gindin wata darbejiya kusa da babbar kasuwa. Ina da hannu, wannan ba zan ɓoye ba, amma bakina ya fi hannuna gudu, kuma ba abin da nake so a duniya kamar in ji an ce wane ya iya.

Baburan wancan lokaci ƙanana ne, waɗanda muke kira mobilet. Ba su da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya shi, mu ce da shi melanj. Da mai ya yi tsada kowa ya zo rumfata kukansa ɗaya ne, sai na shiga dabara. A cikin kafireta akwai wani ɗan ƙarfe mai huda kamar ta allura, ta nan mai ke bi ya shiga inji. Na zaro sili ɗaya na jan ƙarfe daga tsohuwar wayar lantarki, na zura a hudar, na lanƙwashe bakinsa don kada ya zame. Huda ta tsuke, babur ya rage sha. Na gwada a nawa da sassafe a kan kwalta, daga kasuwa zuwa gada, na ga yana tafiya sumul. Kafin wata ya zagayo suna ya fita, har malaman ofis na turo mini nasu. Tsohon maigidana ya biyo wata rana, ya ce mini wanda ya rage wa irin wannan inji fetur ya rage masa baƙin mai ke nan, tunda tare suke shiga, kuma injin da ba ya ƙoshi ba ya tsufa. Na durƙusa na yi godiya, amma a raina na ce kishi ne irin na tsofaffi.

Ina da aboki a kasuwar, mutumin dutse ne daga can bayan garin Gidar, Kirista, albasa yake sayarwa. Hausa ce ta haɗa mu, don Fillancinsa bai nuna ba, Faransancina kuwa na sunayen kayan gyara ne kawai. Kalma ɗaya ya riƙe da Fillanci, sobajo, wato aboki, da ita yake kirana ko daga nesa. Kwano ɗaya muke ci da rana. Ya sayi babur ne saboda mahaifiyarsa, tsohuwa ce idonta ya raunana, takan gane zuwansa da ƙarar injin tun yana gindin dutse, ta sa a ɗora ruwa. Shi ne na farko da ya ba ni nasa na sa wa waya. Ya yi murna ƙwarai, ya ce abin da ya rage na mai ya zama gishiri da sabulun tsohuwa.

Da bazara ta kama, na je kasuwar Pitowa da tsakar rana, babur ɗina ya yi zafi har ina jin sa a ƙafata, yana wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na dawo na kwance buji, wato abin da ke ba inji wuta, na gan shi fari fat kamar toka. Ko ɗan koyo ya san ma'anar wannan, inji na ƙonewa da yunwa. A bayan gidanmu na cire wayar daga nawa, ba wanda ya gani, ban kuma faɗa wa kowa ba. Na ce wa kaina ai mutanena a cikin gari suke yawo, in sanyi ya dawo shi ke nan. Gaskiyar magana kunya nake ji a ce wanda ake yabo ya yi kuskure. Na ci gaba da sa wa mutane abin da na cire daga nawa.

Wata safiya abokina ya zo rumfata fuskarsa ba walwala. Ya ce direban motar auduga ya kawo saƙo cewa tsohuwa ta kwanta, ba ta cin abinci, sunansa kawai take kira. Ya roƙe ni in duba masa babur kafin ya kama hanya. Rumfar cike take da mutane, har da wasu biyu da suka zo a sa musu wayar. Na kwance bujinsa, na gan shi fari kamar nawa. Cire silin nan bai kai shan kofin shayi ba. Hannuna har ya kai kan kafireta, sai na ɗaga kai na ga idanu a kaina, na tuna za a tambaye ni dalili. Na goge bujin da tsumma na mayar, na buga sirdi na ce wannan babur har Kuseri, can ƙarshen ƙasa, zai kai shi. Iyakar abin da na ƙara shi ne ya riƙa hutawa a hanya. Ya ce yau ba ranar hutu ba ce, ya ce mini sai ya dawo, sobajo, ya tafi.

Ya wuce Gidar lafiya. Inda hanya ta fara hawa, rana na tsaka, injin ya cije, tayar baya ta kafe, ya faɗi ya kurje hannu. Ranar ba ta kasuwa ba ce, babu mota. Ya tura har ya gaji, ya bar babur wajen wani manomi, ya bi sauran tafiyar da ƙafa. Da ya kamata ya isa kafin la'asar, sai washegari ya shiga ƙauyen. Tsohuwa ta cika tun faɗuwar rana. Ƙanwarsa ta faɗa masa cewa duk yinin tana cewa a yi shiru, za ta ji ƙarar babur.

Bayan makoki ya ɗoro babur ɗin a motar auduga ya kawo mini. Abin da ya fi ƙona mini rai, kansa yake zargi. Ya ce shi ya ja, ya sayi melanj a kwalba a bakin hanya, ƙila an yi masa algus. Na buɗe injin na tarar fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinsa, ya narke ya manne. Na gyara ban karɓi ko sisi ba, shi kuwa ya yi ta godiya, har ya kai wa mahaifiyata kwandon albasa, yana faɗa wa mutane bai taɓa ganin aboki irina ba. Albasar nan ban iya cin miyar da aka yi da ita ba. Haka na yi damina guda, ina rama, ana cewa aure nake so.

Da kaka na ɗauki silin wayar na same shi a rumfarsa, na faɗa masa komai. Bai katse ni ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko da safen nan na riga na gani. Na ce na gani. Ya daɗe yana jera albasa kashi-kashi, sannan ya ce addininsu ya ce a yafe, ya yafe mini. Kuma ya yafe ɗin, bai taɓa tona ni ba, in mun haɗu yakan gaishe ni har ya tambayi mutanen gida. Sai dai daga ranar Malam yake ce mini. Ranar sunan ɗana na fari ya zo, ya yi barka daga tsaye ya wuce. Bayan wasu shekaru ya koma dutse, ban sake jin sobajo daga bakinsa ba. Ni kuma na bi duk wanda na sa wa waya har gida na cire, aka yi mini dariyar da nake gudu, ba ta kai mako ba aka manta.

Yau na tsufa, 'ya'yana ke riƙe da rumfar. Na daɗe da gane cewa ba ƙaramin sanina ne ya cuci abokina ba, don kowane mai sana'a yakan yi kuskure. Abin da ya cuce shi shi ne na gano kuskuren na tsirar da kaina na bar shi. Masu sana'ar hannu, musamman samari da ake yabo, ina roƙonku in kun gano aibin aikinku ku faɗa tun mai kaya na tsaye a gabanku, ko da kasuwa duka na kallo. Masu babur kuma, a yi tattalin mai da gyara na gaskiya da tafiya a hankali, kada garin neman gira a rasa ido. Har yanzu in ina zaune a rumfa wani ya zo ya ce a duba masa babur tafiya zai yi, nakan karɓi sufanar kwance noti daga hannun yaran in duba da kaina, kuma kafin in taɓa komai sai na tambaye shi wa ke jiransa a can.