Ƙafar Da Ta Manta Tafiya Amma Ba Ta Manta Kokawa Ba

Shekarun baya, lokacin da acaɓa ya cika Azare, babur ya kayar da ni a hanyar Yana. Ina cikin tafiya akuya ta gifta. Abin da na sani ke nan. Na farka a gadon asibiti da ɗinki a kai. Hannuna na hagu yana ɗan motsi, ƙafar hagu kuwa kamar ba a jikina take ba.

Ni ɗan kokawa ne tun ina yaro a Sakwa. Kawuna ne ya koya mini. Bayan sallar asuba mu yi gudu a rairayin kogi, mu ɗaga buhun gero, sannan a haɗa mu biyu-biyu mu yi ta turin juna har rana ta yi zafi. Haka na yi tun ban da gemu har na yi aure. Acaɓar ma ta rani ce. In kaka ta yi, ina fage.

Likitan gashin ƙashi ya matsa ƙafar, ya lanƙwasa ta, ya ce, "Ƙashinka lafiya lau. Ƙafa ba ta tafiya da kanta, ƙwaƙwalwa ce ke aiko mata da saƙo. Bugun da ka sha a kai ne ya yanke hanyar."

Kullum da safe ma'aikata biyu su kama ni ta hammata, su ɗaga ni, su ce, "Taka!" In kalli ƙafar, in ce mata taka. Shiru. Gwiwa ta lanƙwashe, su mayar da ni gado. Ni da nake ɗaga ƙarti sama, ga ni ana kai ni bayan gida a goye.

Da aka yi makonni babu sauyi, na ji likitan yana gaya wa mahaifiyata cewa za a sallame ni da keken guragu, a ci gaba da gwadawa a gida. Na san me ake nufi da gida. Tabarma a zaure, shi ke nan. Na juya fuskata bango, na daina amsa gaisuwa.

Ana haka sai ga wani ɗan kokawa mutumin Hardawa. Mun sha karawa da shi a fage, ya kayar da ni, na kayar da shi. Ba abokina ba ne, ko kwano ɗaya ba mu taɓa haɗawa ba. Riɗi ya kawo kasuwa ya ji labarina. Ya shigo daidai lokacin da aka ɗaga ni.

"Kai! Wannan ne ɗan Sakwa? Aka shanya shi kamar wanki?"

Mahaifiyata ta ce, "Haba ɗana, majinyaci ne fa."

"Inna, ki yi haƙuri, na san shi. Ragwanci ne. Ko a fage sai an zungure shi yake motsi."

Na ce, "In na tashi sai na karya maka wuya."

"To tashi mana. Ga wuyan nan na kawo maka har gado."

Ya cire hula ya miƙa wa mahaifiyata, ya tuɓe riga. Ya ce wa likita, "Ranka ya daɗe, ba haka ake kama ɗan kokawa ba. Ba a kama shi ta gefe. A ba ni shi." Likitan ya ce ma'aikatan su tsaya a bayana, kada su yi nisa.

Ya sunkuyo ya kafa kansa a kafaɗata, ya damƙi ƙugun wandona, kamar yadda ake fara karawa. Hannuna na dama ya kai ga ƙugunsa ban aike shi ba. Sai ya turo ni.

Wallahi ban tuna da wata ƙafa ba. Abin da ke raina kawai, ɗan Hardawa ba zai tura ni baya a gaban uwata ba. Ƙafar hagu ta ja baya kaɗan, ta kafe a siminti. Gwiwar ta yi rawa, amma ba ta lanƙwashe ba.

Ya ce a kunnena, "Na ji ta. Kada ka kalle ta, rago. Ni za ka tura."

Mahaifiyata ta toshe baki da mayafi. Likita ya ce, "A sake." Aka sake, ta kafe. Da aka ƙara, na zube a hannun ma'aikata, gumi ya jiƙa ni sharkaf.

Likitan ya zauna a bakin gado ya tambaye ni tun yaushe nake kokawa. Na gaya masa. Ya ce, "Abin da mutum ya daɗe yana maimaitawa da jikinsa, ƙwaƙwalwa tana yi masa hanya mai faɗi, kamar burtalin da shanu ke bi kullum. Da alama taka ta kokawa ba ta yanke duka ba. Ban yi maka alkawari ba. Amma tunda ita ta rage, ta nan za mu bi." Ya ɗage sallamar.

Mutumin Hardawa ya bar wa ƙannensa gona, ya riƙa zuwa. Ya zo ranar kasuwa, ya zo ranar da ba kasuwa. Tafiya da baya na fara koya, saboda shi ke turi. Sai gefe da gefe, yadda ake zagaya juna a fage. Gaba ita ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi ba ni wuya. Wani tsoho a gadon kusa da nawa, mai karaya a cinya, ya mayar da kwanon shansa ganga. Da ya ga mun kama juna sai ya fara kaɗawa, duk ɗakin a yi ta ihu, ma'aikaciya ta leƙo ta ce asibiti ne fa, ba dandali ba.

Da ƙafata na fita, da sanda a hannu. Daga baya na jingine sandar.

Bayan girbi mutumin Hardawa ya zo ƙofar gidanmu. Ya sha ruwa, ya ajiye moɗa, ya ce, "Tashi mu kara."

Mahaifiyata daga zaure ta ce, "Ba ka da hankali ne?"

"Inna, bashin kaye yake bi na, bari in biya shi."

Muka kama juna a kan yashi. Bai raga mini ba. Ya taɗe ƙafar dama, ya bar ni a kan ta hagu ita kaɗai. Ta riƙe ni ɗan lokaci, sannan na tafi. Bayana ya bugi ƙasa, amma kaina bai taɓa ba. Tafin hannunsa ne a ƙarƙashi.

Ban koma fage ba. Ina ɗingishi, in sanyi ya yi ƙafar tana nauyi. Da can na ɗauka wahalar da kawuna ya ba mu a rairayi tana tsayawa ne a damtse da cinya. Ashe har cikin kai take shiga ta zauna, ta jira ranar da za a neme ta.

Mutumin Hardawa kuwa har gobe yana gaya wa mutane a kasuwa cewa ya bi ni har ƙofar gidanmu ya kayar da ni. Gaskiya ne. Ba na musu.