Kalibu da Hotunan Tahira

Kalibu Anuhu mutumin Tibiri ne, ɗan manomin da ke buga ganga a majami'a ran Lahadi. Bai yi nisa a karatun lakwal ba, amma hannunsa na da albarka. Ya fara da gyaran keken rubutu a Maraɗi, shekarun da suka biyo bayan taron ƙasa, lokacin da yajin aiki ya fi aikin yawa. Da ordinatar, wato kwamfuta, ta shigo birori, ofisoshi ke nan, sai ya bi ta, ya koya wajen wani ɗan Togo har ya iya, ya kama ɗan shago a unguwar Zariya. Mutum ne mai ƙyanƙyami. Idan ya buɗe cikin na'ura ya tarar da kyankyasai, sai ya fita waje ya tofar da yawu kafin ya ci gaba.

A shekarar da rigimar tazarce ta raba kan gari, aka aiko kabu-kabu ya ɗauke shi zuwa wani biro da ya daɗe yana yi wa gyara. An sake shef, wato shugaba, a wurin. Sabon, Maman Lawali, ya shigo da mutanensa, ya kori wasu, ciki har da Tahira sakatariya, don mijinta ɗan adawa ne. Kalibu ya san ta sosai. Ita ce ke ba shi ruwan sanyi duk zuwansa, kuma ita kaɗai ke rufe ordinatar da ƙyalle idan an tashi.

Shef ya ce na'urar da Tahira ta bari ta yi nauyi, alhali sun riga sun goge sunan matar. Kalibu ya yi masa bayani cewa goge suna kamar cire sunan ɗan haya ne daga ƙofa, kayansa suna nan jibge a ɗaki sai an kwashe. Takardunta, hotunanta, duk abin da ta taɓa ajiyewa yana nan a dosiyenta, kuma duk mai ikon shiga na'urar na iya buɗewa.

Bai rufe baki ba sai ya ji dariya a bayansa. Ashe sun sani. Wani ma'aikaci, Idirisa, ya miƙo hannu ta kafaɗarsa ya buɗe dosiyen kai tsaye, kamar mai shiga ɗakin uwarsa. Hotuna ne na gida. Tahira a gadon jego, ba ɗankwali, tana shayar da jariri. Tahira da ɗaurin ƙirji tana kitso a tsakar gida. Ta kawo su ne ta ajiye don ba ta da na'ura a gida. Maza suka taru a kan allon, suna cin gyaɗa, suna faɗin abin da baki bai kamata ya faɗa ba. Ɗaya ya ɗaga salularsa yana nuna cewa shi tuni ya kwashi nasa.

Warin gumi da na gyaɗar suka haɗu suka cika wa Kalibu hanci. Ya dubi yatsun Idirisa masu maiƙo a kan fuskar jaririn, ya kawar da kai.

Maman Lawali ya zaro kile, ɗan abin da ake kwasar bayanai, ya ajiye a gabansa. "Zuba mini a nan tukuna, sannan ka share."

Kalibu ya ce aikin na son natsuwa, su ba shi wuri. Da suka koma inuwar itacen bedi shan shayi, ya kwafe kayan Tahira a faifai, ya sa a aljihu. Ya share dosiyen, ya bi ya zubar da kwandon shara, ya lalubo ƙananan ragowar da na'ura ke ɓoyewa a lunguna ya kwashe, sannan ya bi ta kan wurin yadda ba mai iya tono komai. Ya kira shef ya miƙa masa kilensa.

"Babu kome ciki, shef. Ban zuba ba, kuma ba zan zuba ba."

Shef ya zage shi, ya haɗa da addininsa, ya ce kada ya sake taka wurin. Kalibu ya tattara sukuddirebobinsa. A bakin famfon ƙofa ya tsaya ya wanke hannu har gwiwar hannu.

Ran Asabar ya hau babur zuwa Jiratawa, inda Tahira ta koma gidan iyayenta. Ya same ta a lambu tana tsinkar zogale. Bayan gaisuwa ya ba ta faifan, ya gaya mata gaskiya, har da cewa wasu hotunan sun riga sun shiga salulolin mutane, kuma wannan ya fi ƙarfinsa. Ta jujjuya faifan a hannu.

"Kai ma ka gani, malam Kalibu?"

Ya ce ya gani, ba da son ransa ba. Ta ɗaure faifan a bakin zane, ta yi godiya ba tare da ta dube shi ba, ta koma ga zogalenta.

Bayan juyin mulki aka cire Maman Lawali, aka aiko wa Kalibu ya zo ya share dosiyen shef ɗin shi ma. Ya ce su nemi wani. Daga baya ma ya bar aikin birori gaba ɗaya, ya koma gyaran salula kusa da babbar kasuwa, inda yake har yanzu. Tahira kuwa ba ta sake neman aikin biro ba. Ta kan aiko wa matarsa Alisabatu da zogale lokaci-lokaci, amma ita da Kalibu ba su sake haɗa ido ba.