Farar Mota a Takardar Kaka

Kakana, mahaifin babana, ƙwai yake rabawa shaguna. Da sassafe zai je gidan gona ya loda kiret-kiret a bayan tsohuwar motarsa, ya bi masu shayi da masu kanti yana saukewa. Motar shuɗiya ce, shi ya sa duk unguwa Mai Shuɗiya ake ce masa. Ni kuwa Tsoho nake kiransa, shi kuma ya ce min Amarya, har yau da nake goyon ɗa na biyu.

Mutum ne mai tafiya kamar yana ɗauke da ruwa a faranti. 'Yan babur su yi ta danna masa ham, ko a jikinsa. Shi ya koya min tuƙi, kuma wallahi na sha faɗa. "Ki saurari injin! Mota magana take yi, ke ce ba ki da kunne." Yana da wani wasa da muke yi tun ina ƙarama. Idan muka doshi danja sai ya ce, "Amarya, gwada ki nake, wace kala ce?" In ce ja, ko in ce kore, ya ce na ci. Bai taɓa daina wasan ba, sai ma ƙara yawa da ya yi a 'yan shekarun nan, har da masu shagon da yake rage wa hanya.

Babana da Gwaggo sun daɗe suna son ya ajiye tuƙi. Shi kuwa ya ce ba zai zauna a ƙofar gida yana korar ƙuda ba. Da aka gaji da ja-in-ja sai aka yi alkawari: ranar da aka fara cin sa tara a kan hanya, ranar zai miƙa makulli. Da bakinsa ya yarda, don tunda yake ba a taɓa rubuta masa ko ɗaya ba.

Sai ga takarda an kawo gida. Wai ya tsallake jar danja a kan babbar gadar bayan kasuwa, kyamara ta ɗauke shi. Gwaggo har da hamdala. Ni aka miƙo wa in karanta, saboda ya ce tabaransa na cikin mota. Lambar motarsa ce tsaf, sunansa ne tsaf. Amma wurin launi an rubuta fara, wurin irin mota kuma an sa ƙaramar bas.

"Fara?" Ya miƙe tsaye. "Ni? Bas? Gadar da rabona da ita tun kafin a yi wa yarinyar nan aure?"

Gwaggo ta ce, "Baba, tara dai tara ce, a biya kawai a huta."

"Idan na biya na amsa laifi. Idan na amsa laifi kun karɓe min makulli. Kin ga na yi miki kama da sakarai?"

Ni dai abin ya tsaya min a rai. Wace bas ce ke yawo da lambar Tsoho? Kuma me ya raba shi da gadar, alhali ita ce hanya mafi kusa zuwa gidan gona? Na tambaye shi, ya ce gargada ta yi yawa, ƙwai ba ya so. Gadar da aka sake wa kwalta bara! Na dai ce ni zan raka shi ofishin.

Ya sa babbar rigarsa, ya ɗauko takardun mota a leda, har da hoton da ya ɗauka da ita ranar da ya saye ta. A hanya muka yi wasanmu a kowace danja, ina cinyewa. Ofishin dogon ɗaki ne mai bencina, fanka na juyawa ba iska, kowa riƙe da tasa takardar yana huci. Tsoho ya ba na kusa da shi labarin farar bas, ya ba na gaba, kafin layi ya zo kanmu rabin ɗakin sun zama shaidunsa.

Ma'aikaciyar da ke bayan tebur mace ce mai haƙuri. Ta saurare shi har ƙarshe, ta duba takardun, ta danna kwamfuta. "Ai da hoto, Baba. Bari in nuna maka." Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. "Duba da kyau, wannan motarka ce?"

Daga inda nake tsaye ina ganin komai. Bas ce fara fat, taɓo ya rufe rabin lambarta, wani ƙato na tuƙi. Ko kusa ba ta yi kama da tamu ba. Jira nake Tsoho ya daki tebur ya ce kun gani ko.

Sai ya sunkuya. Ya matsa kusa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ƙara matsawa har hancinsa na neman taɓa gilashin. Sannan, ba tare da ya juyo ba, a hankali ya ce, "Amarya, gwada ki nake. Wace kala ce?"

Nan take na gane. Danjojin da muka wuto da safe suka dawo min, da masu shagon da yake rage wa hanya, da gadar da ya ƙaurace wa, wadda babu komai a kanta sai motoci masu gudu. Tsoro ya kama ni, tausayinsa kuma ya fi tsoron yawa.

"Fara ce, Kaka," na ce. Ban san lokacin da na kira shi haka ba.

"To kin ji, 'yata," ya ce wa ma'aikaciyar. "Ba tawa ba ce."

Ta ba shi haƙuri, ta ce na'ura ce ta yi kuskure saboda taɓon, ta buga hatimi ta soke tarar. Mutanen benci suka yi ta yi masa barka. Ya ci nasara, babu mai ikon taɓa masa makulli.

A waje ya tsaya jikin motar, ya shafa rufinta. Ni kuwa ina ta shirya yadda zan fara magana, sai ya riga ni.

"Da hoton akuya ta nuna min, da ban gane ba," ya ce. "Kuma akwai makarantar yara a hanyar gidan gona."

Ya kama hannuna ya sa min makullin, ya zagaya ɗaya ɓangaren ya shiga. Na tayar da mota ina share hawaye da gefen mayafi. Ba mu yi nisa ba ya karkata kai yana saurare.

"Sa giya ta biyu, Amarya. Ba ki ji tana kuka ba?"